Ƙofar da Ta Cinye Rijiya

An yi wani mutum a wani ƙauye can bayan Kahu, a ƙasar Kibiya. Sunansa ba zai fito a nan ba, don yana nan da ransa, kuma kunyar da yake ɗauke da ita ta ishe shi kaya. Dattijon ikilisiya ne. Ikilisiyar ba wata babba ba ce, gidajen manoma ne 'yan kaɗan, ɗakin sujadarsu na ƙasa ne da rufin kwano.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Ba ya shan giya, ba ya bin matan mutane. In ya tashi yin addu'a sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Kuma shi ne da bakinsa, ranar da aka ɗora masa hannu aka naɗa shi dattijo, ya ce abu ɗaya Allah ya sa masa a zuciya, wato rijiya. Matan ƙauyen da rani yashin rafi suke tonawa, da damina kuma su ɗebo ruwan kududdufin da shanu suke sha. Rijiyar kirki tana can unguwar maƙwabtansu Musulmi, tafiya ce mai nisa, tsofaffi ba sa iya ta da tulu a ka.

Jama'a suka yi na'am. Wata gwauruwa tsohuwa, Iya Suwaiba, ta ba da gefen gonarta ta bayan gida. Ta ce masa, "Dattijo, ni ba ni da komai sai wannan ƙasar. A haƙa a nan, in sha ruwa mai kyau ko sau ɗaya kafin in koma ga Ubangijina." Mata suka sayar da gyaɗarsu, aka sayo siminti aka jibge a kusurwar ɗakin sujada. Aka kira Malam Gwadabe, tsohon mahaƙin rijiya daga unguwar Musulmin nan. Shi yana ciki yana haƙa, maza suna gayyar jan ƙasa da guga, mata suna kawo kunu. Haka aka yi ta yi tun bayan Kirsimeti.

Da rami ya kai zurfin gaba goma sha ɗaya, ƙasa ta fara danshi. Gwadabe ya fito da laka a tafin hannunsa ya miƙa wa dattijon. Ya ce, "Taɓa ka ji, ruwa ya kusa. Amma ƙasar nan mai yashi ce. A zuba zoben siminti a zura mata kafin ruwan shuka. In damina ta same ta tsirara, za ta rufta."

A makon nan ne takarda ta zo, cewa taron ikilisiyoyin yankin na wannan shekara a ƙauyensu za a yi shi, bayan Ista. Fastoci za su zo, baƙi daga birni za su zo, kuma a ranar za a zaɓi dattawan da za su ja ragamar yankin.

To, mutumin nan ya taɓa zuwa birni ya ga wata majami'a mai doguwar ƙofar bulo, an shafe ta da fenti, an rubuta sunayen manya a jikinta. Tun daga ranar da takarda ta zo, ƙofar nan ta zauna masa a rai. Rijiya rami ce a bayan gidan tsohuwa, wa zai gan ta? Amma ƙofa, duk wanda ya sauko daga mota ita zai fara gani. Ya dubi simintin da ke kusurwa, ya sake duba.

Ran Lahadi ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Allah ya nuna mini sabon wahayi." Wai a ɗauki simintin rijiya a gina ƙofa kafin taro.

Kun ji zunubin ke nan, ya 'yan uwa. Ba wahayin da ya gani. Son a gan shi ne ya sa wa rigar wahayi, ya jingina wa Allah abin da Allah bai faɗa ba. Mutanen ƙauye kuwa, wa zai yi musu da dattijon da ya ce Allah ya yi masa magana? Kowa ya sunkuyar da kai.

Matarsa Maimuna ce kaɗai ta tare shi a tsakar gida. Ta ce, "Haba Maigida! Gyaɗar mata ce fa a cikin buhunan nan. Ƙofar me, mu da ko katanga ba mu da ita?" Ya ce mata abin na ruhaniya ne, ba za ta gane ba, kuma ai bayan taro za a koma kan rijiya. Labari ya kai wa Gwadabe. Ya naɗe igiyarsa, ya rufe bakin ramin da ƙaya don kada akuya ta faɗa, ya kama hanyar gida.

Aka mai da gayya kan buga bulo. Ƙofa ta tashi, doguwa, fara fat, ga sunansa a ƙasan sunan ikilisiya. Babu katanga ta dama, babu ta hagu, tana tsaye ita kaɗai a filin gaban ɗakin sujada.

Ranar taro baƙi suka yi ta ɗaukar hoto a gindinta, aka tafa masa, har aka zaɓe shi. Sai wani tsohon fasto ya nemi ruwan sha. Aka kawo masa a kwano, ruwan rafi, ja-ja da shi. Ya duba, ya kurɓa kaɗan don kada ya kunyata masu gida, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ina rijiyar da muka ji labari?" Mutumin nan ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "Ana kai, Baba."

Bayan mako uku ruwan shuka ya sauka. Shi da aka haifa a gona, ya manta abin da kowane manomi ya sani? Da zarar ƙasa ta jiƙa, ba a kiran gayyar da ba ta gona ba. Ya bi gida-gida, kowa yana can yana shuka. Ko da sun zo ma, da wane simintin? A ruwa na uku rijiyar ta rufta. Wahalar wata uku ta koma kwari a bayan gidan Iya Suwaiba, kwaɗi suna kuka a ciki.

Mata suka koma kududdufi. Da damina ta yi tsakiya, amai da gudawa ya shiga ƙauyen. Masu ƙarfi suka sha wuya suka tashi. Iya Suwaiba kwana biyu ta yi, ta cika.

Da aka zo wankan gawa, matan zumuntar ikilisiya suka ce ba za su wanke ta da ruwan da ya kashe ta ba. Ana tsaye cirko-cirko sai ga Gwadabe ya turo amalanke da jarkoki huɗu daga rijiyar unguwarsu. Ya sauke su a ƙofar gida, ya dubi dattijon, ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ruwa mai kyau ya zo wa tsohuwa, amma ba ta sha ba, wanke ta aka yi da shi.

Aka ɗauko ta zuwa ɗakin sujada, shi yana gaba kamar yadda dattijo yake yi. Ya shiga ta ƙofarsa. Da ya waiga, sai ya ga masu ɗauke da gawa sun kauce, sun zagaya ta gefe, jama'a duka sun bi su. Ba wanda ya shirya haka. Shi kaɗai ne tsaye a ƙarƙashin sunansa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Lahadin da ta biyo ya tashi ya ce, "Ban ga wahayi ba. Ƙarya na yi wa Allah, na yi muku." Ya ajiye dattijancin ikilisiya da na yanki. Yau a bencin baya yake zama, kuma bai ƙara bi ta ƙofar ba. Awaki ne suke kwanciya a inuwarta.

Ya 'yan uwa, Allah mai gafara ne, kuma wanda ya tuba ba a rufe masa hanya. Amma tuba ba ta tono rijiya ba, ba ta dawo da Iya Suwaiba ba. Shaiɗan bai ce wa mutumin nan ya bar aikin Allah ba. Wani aikin kawai ya nuna masa, mai fenti, ya ce wancan zai jira. Kai dattijo, ke shugabar zumuntar mata, kai mai gida, wane abu ɗaya ne Almasihu ya danƙa maka? Ka gama shi, ko ka rufe bakinsa da ƙaya ka tafi inda ake tafi? Kuma kafin ka ce "Allah ya nuna mini," ka tambayi zuciyarka wanda zai sha ruwan abin, kai ko jama'a.

Ya Ubangiji, ka tsai da idonmu a kan abin da ka kira mu mu yi, har mu kai ga ruwa. Allah ya kiyaye mu da son a gan mu, ya kiyaye bakinmu da yi masa ƙarya. Cikin sunan Yesu, amin.