Zogin Ƙafar Tabawa

An ce wai a wani gari an yi wani mai magani, Malam Barmo, wanda suna ya kumbura wa kai har ya daina sauraron majinyaci. Tambayarsa ɗaya ce: "Ina ke ciwo?" Da an nuna masa wurin, sai ya miƙa ƙulli. Girman kai dai rawanin tsiya ne.

Wata rana yayarsa Tabawa ta zo tana ɗingishi, ta ce, "Barmo, babban yatsan ƙafar nan zogi yake mini." Ta faɗa har sau uku, bai ɗago ba, ya ba ta man shafawa na sanyin ƙashi. Alhali duk mai magani ya san zogi alama ce ta mugunya ta taru tana neman a fasa. Kafin a kai ta wurin wanzami, yatsan ya ruɓe, sai yankewa aka yi.

Mijinta Jatau ya kai ƙara, yana neman a raba Barmo da jakar maganinsa har abada.

Barmo ya ce wa alƙali, "Allah ya gafarta Malam, ciwo ciwo ne. Ta ce ƙafa, na ba ta maganin ƙafa."

Alƙali ya ce ya rufe ido ya miƙo hannu. Ya sa aka tsira masa ƙaya.

"Me ka ji?"

"Suka!"

Aka goga masa barkono a wurin.

"Yanzu fa?"

"Wayyo, raɗaɗi!"

Alƙali ya ce, "Hannu ɗaya, wuri ɗaya, ga suna biyu. Ashe a jikinka kana jin Hausa, a jikin yayarka ne ka kurumce."

Kunya ta rufe Barmo, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe ido, sai ga ƙafar Tabawa a naɗe da tsumma, ya kasa duban fuskarta.

Alƙali ya ce, "Ba zan raba gari da saninka ba, amma jakar ta koma hannun Tabawa. Duk majinyacin da ya zo, sai ka faɗa mata siffar ciwonsa da bakin mai shi, kafin ta kwance maka ita."

Tabawa ta karɓi jakar, ta ce a hankali, "Sau uku na faɗa maka, ƙanena."

Barmo ya durƙusa a gabanta, hawaye na bin gemunsa.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, wurin ciwo ido ke gani, amma siffarsa sai kunne.