Ranar da Salifu Ya Ƙi Ɗaura Bawul Mai Atishawa

Akwai wani makanike a unguwar Gataa El Oued, nan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, ana ce masa Salifu. Ɗan Damagaram ne. Shekararsa shida a garejin Alhaji Muntari, kuma a ɗan ɗakin da ke bayan garejin yake kwana. Wato aikinsa da makwancinsa duk a hannun mutum ɗaya suke.

Salifu ba mai surutu ba ne, amma in dai mota mai turbo ce, kunnensa ya fi na'ura. Yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta: kullum akwai 'yar takardar ƙunshin ganyen shayi a aljihunsa. Za ku ji amfaninta.

A bara wani yayi ya shigo gari. Bari in yi muku bayaninsa a taƙaice, don abin yana da daɗin sani. Turbo iska yake turawa cikin injin da ƙarfi. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur zai canja giya, sai iskar nan ta rasa hanya. Bawul ɗin da mota ta zo da shi yana mayar da ita cikin bututu, shiru abinsa. Na yayi kuwa waje yake watsar da ita da ƙara: fishhh! Shi ya sa samari suka raɗa masa suna mai atishawa.

Alhaji Muntari ya sayo kwali guda a hannun wani dillali. Jajaye ne, sai ƙyalli, ko sunan wanda ya ƙera su babu. Shi da kansa yake ɗaura wa samari, don ya san Salifu da yawan bincike.

Ran Litinin sai ga Tasi'u, ɗan wani babban mai shagon atamfa. Ranar Alhamis za a kai ƙanwarsa Khalida ɗakin miji, kuma motarsa ce za ta ɗauki amarya a gaban korteji, jerin motocin rakiya.

"Likitan turbo!" in ji Tasi'u. "Yau kai nake so ka ɗaura mini. Ina so kowane shataletale muka bi, garin nan ya san amarya ta wuce."

Salifu ya buɗe kafo, murfin injin, ya leƙa. Ya nuna wata 'yar na'ura kusa da filtar iska.

"Ka ga wannan? Ita ke auna iskar da ta shiga, sai mota ta zuba esans, wato fetur, daidai da ita. In ka watsar da iskar waje, mota ba ta sani ba. Esans zai yi yawa, buji masu ba da wuta su yi baƙi, ta dinga mutuwa a hannunka."

"Ai ta abokina Yunus tana yi, ba ta mutu ba."

"Ta Yunus ba irin taka ba ce. Kuma nasa bawul ɗin na kirki ne, ni na daidaita masa. Tsaya ka gani."

Ya ɗaura jan bawul ɗin na ɗan lokaci, ya tayar da mota, ya bar ta tana aiki a tsaye. Sai ya ciro takardar shayinsa ya kai bakin bawul ɗin. Caraf, ta manne.

"Kun gani? Sifirin ɗinsa ba ƙarfi, bakinsa a buɗe yake. Zuƙa yake yi. Iskar da ba ta bi ta filta ba, a garin da ko tuwo sai ka tauna yashi. Kai tsaye cikin injin."

Ya kwance shi ya ajiye a kan benci.

"In ƙara kake so, a yi odar mai kyau daga Alje, babban birni, a daidaita motar. Sati biyu."

"Sati biyu? Biki saura kwana uku!" Tasi'u ya juya wajen Alhaji. "Alhaji, gareji na zo ko lekkol ɗaukar darasi?"

Masu zaman benci suka fashe da dariya. Fuskar Alhaji ta canja.

"Salifu, ɗaura masa."

"Alhaji, ba zan ɗaura ba."

"Me ka ce?"

"Motar amarya ce. Hannuna ba zai sa mata wannan ba."

"To ji nan. Ko ka ɗauki sufana, ko ka ba ni makullin ɗakina. Makanikai irinka kullum mota na sauke su daga Agadas."

Salifu ya san abin da ke jiransa a waje: baƙo ba aiki, ba ɗaki, ga iyali a Damagaram sun zuba masa ido. Amma ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin, ya ɗora a kan benci kusa da jan bawul ɗin.

"Ga shi, Alhaji. Na gode da shekara shida."

Alhaji ya naɗe hannun riga ya ɗaura abin da kansa, ya yi jifa da tsohon bawul ɗin kan tarin ƙarafa. Da Salifu zai fita da akwatin kayan aikinsa, ya sunkuya ya ɗauke shi, ya naɗe a tsumma.

"Ka dafa ka ci!" Tasi'u ya ɗaga murya, ya taka totur ya saki. Fishhh!

Salifu ya raɓe wajen wasu 'yan garinsu magina, su bakwai a ɗaki ɗaya. Da rana ya kafa akwatinsa ƙarƙashin wata bishiya a bakin kwari. Kwana uku, abin da aka kawo masa gyara baro ne guda, na ɗiban siminti. Maginan suka ce ya je ya ba Alhaji haƙuri.

"Haƙurin me?" ya ce. "Takarda ce ta manne, ba ni na manna ta ba."

Ranar Alhamis bayan la'asar korteji ya tashi. Oda, guɗa, ganguna a bayan akori-kura. Khalida na kujerar baya a lulluɓe, gefenta Gwaggo Laure, yayar babansu, wadda ko babansu ba ya ja da ita.

Shataletale na farko: fishhh! Samari suka yi tafi.

Na biyu: baƙin hayaƙi, mota ta yi kakari ta mutu. Da ƙyar ta tashi.

Na uku, daidai inda ya fi cunkoso, ta mutu murus. Motoci sun fi talatin a baya, kowa ya danne oda. Alhaji Muntari yana cikin 'yan rakiya. Ya fito da farar shaddarsa, ya taɓa nan, ya ja can, har hannun rigar ya koma baƙi. Ko tari motar ba ta yi ba.

Dangin ango suka ce a sauya wa amarya mota.

"A bisa titi?" in ji Gwaggo Laure. "A gidanmu amarya sau ɗaya take sa ƙafa a ƙasa, a ƙofar mijinta. Kai kuma Tasi'u, motar da ka ce tana atishawa, ashe ciwon ajali ne?"

Sai murya ta fito daga cikin lulluɓi, a hankali.

"Yaya, je ka kira wanda ya ce maka a'a."

Tasi'u ya ari babur. Ya tarar da Salifu a gindin bishiya yana fifita gawayin shayi.

"Malam Salifu, don Allah..."

"Yau ba likitan turbo?"

"Na tuba. Khalida na tsakiyar titi."

Salifu ya buɗe akwati, ya ɗauko ƙunshin tsumman nan.

A gaban jama'a ya kwance jan bawul ɗin. Ya zura takardar shayi cikin bututun, ya shafo, ya ɗaga sama. Ta yi ja da yashi.

"Kwana uku ke nan kawai," ya ce. "Ku lissafa wata uku."

Ya mayar da tsohon bawul, ya ciro buji ya goge su ɗaya bayan ɗaya. "Tayar." Mota ta tashi lafiya lau, kamar ba ita ba. Guɗa ta kaure.

"Bayan biki ka kawo ta a wanke bututun," ya ce wa Tasi'u.

Alhaji ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Salifu, gobe ka dawo. Ɗakinka na nan."

Salifu ya damƙa masa jan bawul ɗin a tafin hannu, da sauran zafinsa. Shi bai yi ƙasa da tasa muryar ba.

"Alhaji, motoci takwas ka ɗaura wa irin wannan. A kira masu su in kwance. Sauran na kwali kuma a mayar wa mai su. Ranar zan karɓi makulli."

Alhaji ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Biyu daga cikin takwas ɗin suna tsaye a wurin, sun riga sun fara kallon motocinsu.

Gwaggo Laure ta leƙo ta taga. "Alhaji, amsa masa mana! Kwalliyar amarya na narkewa."

"Na ji," in ji Alhaji.

Ran Asabar da safe motoci takwas suka yi layi a ƙofar garejin. Salifu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takardar shayinsa. Sai da ya rufe kafon ta ƙarshe, ya wanke hannu, sannan ya miƙa shi ya ɗauki makullin daga kan benci.

Darasi: Bawul mai atishawa ba a kowace mota yake zama lafiya ba. Ka san irin injinka, ka nemi na kirki, ka bar wanda ya iya ya gwada kafin ƙara ta ruɗe ka. Kai kuma mai sana'a, in ka tabbata abu zai cutar, ka tsaya a kan a'arka ko da makullin ɗakinka za a karɓe. Ku tura wa duk abokin da motarsa ke fishhh, tun yashi bai gama da ita ba.