Wuƙar Mahaifin Diriye

Akwai wani mutum a garin Burao mai suna Diriye, wanda duk garin aka san shi da tara tsofaffin wuƙaƙe, irin masu kaifi biyu da kakanni ke ɗaurawa a ƙugu, waɗanda ake kira billawe.

Idan ka miƙa masa wuƙa, ba ya saurin zare ta. Sai ya shinshina kuben, ya shafa ƙahon da aka yi ƙotar da shi, ya duba ƙahonnin ƙarfe uku da ke kanta. Daga nan zai gaya maka yankin da aka ƙera ta, da ko ta girmi kakanka.

Mutane sun ɗauka sha'awa ce kawai. Amma wuƙa guda Diriye yake nema.

Yana yaro yaƙi ya ci garinsu, kowa ya gudu ya nufi kan iyaka. A hanya mahaifinsa ya ce su ci gaba, zai koma ya nemo ruwa. Ya juya da salka a kafaɗa, wuƙarsa a ƙugu. Ba a sake ganinsa ba, ba a kuma samu wanda ya ga gawarsa ba. Har mahaifiyar Diriye ta rasu ba ta daina tambayar matafiya ba.

Sama da shekara talatin yana duba wuƙaƙen mutane. Wata safiya ya raka ɗan baffansa Bulhan kasuwar raƙuma. Bulhan na can yana ciniki da yatsu a ƙarƙashin mayafi kamar yadda aka saba a kasuwar, sai idon Diriye ya sauka a ƙugun wani makiyayi dogo.

Ƙahon tsakiya na kan wuƙar ba azurfa ba ne kamar sauran biyun. Jan ƙarfe ne, kuma ya ɗan karkace.

Diriye ya gane shi. Shi da kansa ya karya wannan ƙahon yana ƙarami, garin fasa ƙwallon magarya a kan dutse. Ya sha bulala a ranar, maƙeri kuma bai da azurfa, ya liƙa jan ƙarfe.

Ya jawo Bulhan gefe. "Wuƙar Baba ce."

"Ka tabbata?"

"Bayana ma ya shaida ta."

Nan take idon Bulhan ya kaɗa ya yi ja. "To me muke jira? Wanda ya kashe Baffa ne ya kwance ta daga jikinsa. Bari in kira 'yan uwa, yau sai ya faɗi inda ya samo ta!"

"Dube shi da kyau. Lokacin yaƙin ko haihuwarsa ba a yi ba."

"To ubansa ne! Kai dai shafa ƙaho ka iya kamar mai zaɓen rago. Jinin ubanka ne fa!"

Maganar ta soki Diriye, don shi ma zuciyarsa tafasa take. Ya san kuma in aka tara dangi a kasuwar nan, ba za a watse ba sai an zubar da jini. Ya riƙe hannun Bulhan gam. "Na yi shekaru ina jira. Ba zan kasa jiran kofin shayi ɗaya ba."

Ya je ya yi wa makiyayin sallama, ya gayyace shi rumfar mai shayi. Da suka zauna ya ce, "Ɗan'uwa, ko zan ga wuƙarka?"

"Gani dai, Kawu. Ba ta sayarwa ba ce, ko da garken raƙuma."

Diriye ya zare ta. Ita ce. Sai dai tsininta ya cinye, bakin ya dakushe ya yi zane-zane, abin da wasa wuƙa ba ya jawowa.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Innata. Ita ta san labarin, ni ba na iya ba da shi daidai."

"Yaya sunanka?"

"Raage."

Shayin ya zube a zanen Diriye. Sunan mahaifinsa ke nan.

Washegari suka bi Raage zuwa rugarsu, can wajen kan iyaka. Bulhan ya yi ta gunaguni a mota. Suka tarar da innar Raage, wata tsohuwa mai suna Ebyan, zaune a ƙofar bukka. Ta sa aka kawo musu nonon raƙumi, sannan ta ɗora wuƙar a cinyarta.

"Ina gudu da tsohon ciki," in ji ta, "ayarinmu ya watse, naƙuda ta kama ni ni kaɗai a daji. Na riga na yi shahada. Sai ga wani mutum da salka cike da ruwa, yana jan ƙafa, zanensa sharkaf da jini. Harsashi ya same shi a cinya."

Bulhan ya ajiye ƙwaryar nonon.

"Ya ce iyalinsa na gaba suna jiran ruwan nan. Na ce ya wuce. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya dawo. Ya juya mini baya, ya kare ni da mayafinsa har na haihu. Da wuƙar nan ya yanke cibiya. Ya yi wa yaron kiran salla a kunne. Ruwan kuwa ni ya yi ta ba, shi sai dai ya jiƙa leɓe."

"Daga nan fa, Inna?" Diriye ya tambaya.

"Ƙafar ta kumbura, ya kasa tashi. Ya gaya mini sunansa, shi na sa wa yaron. Ya ce yana da ɗa mai taurin kai da ya karya masa wuƙa, ya yi dariya, ya ce da ya sani da bai dake shi ba. Kafin wasu matafiya su tsince mu, ya cika."

Ta shafa bakin wuƙar. "Ƙasar wurin tsakuwa ce. Ina jego, ba ni da komai sai wannan. Da ita na haƙa masa kabari, don na rantse kura ba za ta taɓa shi ba."

Bulhan, wanda jiya yake neman a tara dangi, ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza.

Diriye ya ce, "Inna, ni ne mai taurin kan."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Sai ta kama fuskarsa da hannu biyu tana salati. "Tashi," ta ce. "Kullum ina roƙon Allah kada in mutu ban nuna wa danginsa wurin ba."

Ba nisa sosai. Tun bayan yaƙi ta sa aka dawo da rugarsu kusa da wurin. Kabarin na kewaye da fararen duwatsu, an share shi tas, ko ciyawa babu. Diriye ya durƙusa ya yi wa mahaifinsa addu'ar da bai taɓa samun inda zai yi ta ba.

Da suka miƙe, Raage ya kwance wuƙar ya miƙa masa da hannu biyu. "Gadonka ne, Kawu."

Diriye ya karɓa, ya sumbace ta, ya mayar da ita ƙugun Raage ya ɗaure da kansa.

"Ni ya bar mini labari, kai ya bar maka rai da suna. Riƙe ta. Kuma ka daina ce mini Kawu. Yaya za ka ce."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da abin da idonka ya gani kafin kunnenka ya ji bayani. Da Diriye ya bi fushi, da ya zubar da jinin wanda mahaifinsa ya ba da ransa dominsa, kuma da har abada bai san kabarin ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake gab da yanke hukunci cikin fushi a yau.