Tasalla Ta Warkar da Gari

A zamanin Turawa an yi wata tsohuwa, Tasalla, mai sayar da maganin tari a kasuwar Bariki, tsakanin maƙera da wanzamai. Da tarin da mutanen gari ke yi ya hana Joji, Baturen gunduma, barcin rana, sai ya sa aka kirawo ta.

Ya ce, "Ke ce mai cika baki da maganinki? Kafin gobe ki warkar da garin nan kaf, ko a rushe rumfarki."

Ta ce, "An gama, ranka ya daɗe. A tara su a gabanka ka ji da kunnenka. Wanda duk ya yi tari, na gaza, likitanka ya yi masa allura."

Washegari gari ya hallara. Da yake suna tsoron allura fiye da kura, kowa ya haɗiye tarinsa, idanu na hawaye, wuri ya yi tsit.

Tasalla ta ce, "Ka ji tari?"

Joji ya yi dariya har ya ƙware da hayaƙin tabar da yake sha a lofe, ya kama tari.

Ta miƙa masa kwalba. "Saura mutum ɗaya, ranka ya daɗe. Maganina za ka sha, ko a kirawo likita?"