Wayar Birkin da Ubale Ya Rataye a Ƙusa

Akwai wani ɗan kasuwa a Tudun Wada mai suna Ubale, wajen shekarar 1957. Kekuna yake sayarwa, har Allah ya buɗa masa ya fara ɗauko babur daga wani kamfani a Kano. A lokacin babur abin kallo ne, in ya wuce har mata sai sun leƙo ta saman katanga.

Mutane na ganin Ubale ya haye, shi kuwa ya san abin da ke ciki. Fam casa'in yake biya a Kano, ga kuɗin mota, ga ladan bakaniken da zai haɗa babur ɗin, don a akwati yake zuwa. In ya sayar, da ƙyar fam huɗu ke zama nasa. Abin yana ci masa rai.

Sai ya sallami bakaniken, wai shi ma ai yana da hannu. Da babur na uku ya iso, ya cire sabuwar wayar birkin gaba ya rataye a ƙusa don ya sayar da ita daban, ya maƙala wata tsohuwa da ta fara tsinkewa. Birkin baya kuwa bai iya ɗaure shi daidai ba, ya bar shi haka. Ya goge komai har yana ƙyalli.

Malam Rufa'i, malamin asibitin garin, shi ya saya. Ko dubawa bai yi ba.

"Tunda daga hannunka ya fito, Malam Ubale, ai ba sai na duba ba. Ka sa mini albarka kawai."

Ubale ya dafa sirdin ya sa albarka, ko idonsa bai ƙifta ba.

Kwana huɗu da haka, da hantsi, saƙo ya zo daga Doguwa cewa mahaifiyar Ubale, Iya Laraba, tana kwance, zazzaɓi ya rufe ta, ba ta gane mutane. Mota kuwa sai ranar kasuwa. Ubale na tsaye bakin rumfa ya rasa inda zai sa kansa, sai ga Rufa'i a kan babur, ya ɗaure akwatin magani a kan tanki.

"Na ji labarin Iya. Hau mu tafi, akwai allurar da zan yi mata. Da kai ka sa albarka, yau kai za ka ci moriyarta."

Ubale ya dubi wayar nan, ya dubi Rufa'i. Daga inda yake tsaye zuwa ƙusar taku biyar ne. Amma ga maƙwabta sun taru suna yi wa Iya addu'a, ta yaya zai ce a tsaya ya canza waya a sabon babur? Ya hau.

Suka shiga dajin Falgore. Duk lokacin da Rufa'i ya matsa birki, Ubale sai ya ƙara ƙanƙame shi. Ya yi ta karanta duk addu'ar da ya sani, yana cewa a ransa in sun kai wancan itacen zai faɗa. Su wuce itacen, ya zaɓi wani.

"Malam Ubale, ka riƙe ni da ƙarfi haka, ko tsoro kake ji?"

"Tunanin Iya ne."

Can suka hango gangaren da ke sauka rafi, duk duwatsu. Babur ya fara ƙara gudu da kansa. Nan ne bakin Ubale ya buɗe.

"Tsaya, Malam! Wayar tsohuwa ce, ni na canza ta!"

Rufa'i ya matsa birki. Wayar ta tsinke. Ya taka na baya, bai kama ba.

Wasu Fulani makiyaya ne suka tsamo su daga cikin duwatsu. Rufa'i ya ƙuje, Ubale ya karye a cinya. Akwatin magani ya tarwatse, kwalaben allurar duk sun fashe, ƙasa ta shanye su.

Rufa'i ya ɗaure masa ƙafar da karare da rawaninsa. A kan jaki suka isa Doguwa washegari, suka tarar an dawo daga kai Iya Laraba makwancinta.

Rufa'i bai taɓa gaya wa kowa abin da ya ji a gangaren nan ba. Ubale ya koma rumfarsa bayan wata uku yana ɗingishi, ya tarar da wayar tana nan a ƙusa, ba wanda ya taya. A kan sule bakwai kacal ya so ya sayar da ita.

Darasi: Ribar da ka rage daga lafiyar mai saye, ba ka san wanda zai biya ta ba, wataƙila na cikin gidanka ne. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi tun kana bakin rumfa, kafin a kai gangare. Ku tura wa 'yan'uwa masu saye da sayarwa, ko Allah zai sa wani ya gyara.