Biri da Birkin Fatsa

An yi wani tsohon Zalɓe a bakin gulbi, wanda ya yi shekara da shekaru yana kamun kifi, har yanar ido ta rufe masa gani. In ya kai sara, sai ya caki laka. Kwana huɗu bai sa komai a cikinsa ba, har tsayuwa ta gagare shi, ya kwanta cikin ciyawa.

Maƙwabtansa biyu ne. Akwai Kififiya mai sanyin hali, akwai kuma Biri, wanda ba a taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba.

Tausayin tsohon ya hana Kififiya sakat. Sai ta tuna da wata fatsar zamani da ta taɓa faɗowa daga kwalekwalen masunta. Ta nutsa ta jawo ta. Doguwar sanda ce mai zobba, a gindinta akwai ɗan keke mai naɗe zare, ga ƙugiya biyu maƙale a jikinta. Da yake ita ba ta da yatsu, sai ta kira Biri.

Ta ce, "Zura zaren ta cikin zobban nan, kada ka tsallake ko ɗaya."

Biri ya ce, "Haba Inna, wannan ai wasan yara ne!"

Ya tsallake biyu, ya zare, ya sake. Sannan ya ɗaura ƙugiya, ya soka tana.

Kififiya ta ce, "Ɗaga wayar nan da ta tare zaren, ka danne shi da yatsa. In ka wurga sai ka ɗauke yatsan, ka mayar da wayar. Saura birki, wancan maɓallin da ke saman keken. Murza shi kaɗan kawai, yadda in babban kifi ya ja, zaren zai riƙa bin sa a hankali."

Biri ya zaro ido. "In sakar wa kifi zare? Baba Zalɓe na kwance da yunwa, ki ce in yi wa kifi kara?"

"Ni fa ta ƙarƙashin ruwa nake ganin fatsa. Na san irin wadda kifi ke tsinkawa."

"To, ki ci gaba da gani!"

Gogan naku ya murza birki har ya ƙi motsi, ya wurga. Ba a jima ba wata ƙatuwar giwar ruwa ta haɗiye tanar, ta fizga. Zare bai bi ta ba, Biri kuwa girman kai bai bar shi ya saki sanda ba. Sai ji aka yi tsundum!

Ya sha ruwa har ya gode Allah. Kififiya ta shiga ƙarƙashinsa ta turo shi gaɓa, sandar na hannunsa, zare ya tsinke, kifi ya tafi da ƙugiya. Saura ɗaya tak.

Biri ya takure yana rawar ɗari, kunya ta hana shi ɗaga kai. Sai tsoho Zalɓe ya jawo jiki, ya laluba, ya lulluɓe shi da fiffikensa. Ya ce, "Ɗana, don ni ka sha ruwan nan, na sani. Allah ya yi maka albarka."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Biri ya fashe da kuka, ya ce, "Inna, ban iya ba. Nuna min."

Suka ɗaura ƙugiyar da ta rage, ya sassauta birki. Wannan karon tarwaɗa ce ta kama. Keke ya shiga ƙara, zare na ta tafiya.

Kififiya ta ce, "Bar ta ta gudu. Ta tsaya? To naɗe. Ta sake ja? Ƙyale ta."

Haka suka yi ta yi har rana ta take tsaka. Tarwaɗa ta gaji liƙis, Biri ya jawo ta gaɓa ba gardama.

Sai dai ta fi ƙarfin maƙogwaron tsohon. Biri ko ƙarnin kifi ba ya so, amma ya zauna yana gutsurawa ƙanana ƙanana, yana sa masa a baki, yana cewa, "A hankali, Baba, akwai saura." Kafin la'asar Zalɓe ya miƙe da ƙafafunsa, ya taka har bakin ruwa ya sha da kansa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, son taimako kaɗai ba ya isa, sai an saurari wanda ya san aikin. Kuma ba kowane abu ake samu da ƙarfin tsiya ba, wani sai an sassauta masa.