Ranar da Na Kafe Dagaci a Kan Babur

Ku matso ku ji aikin Ɗanliti bakanike, wato ni.

Dagacinmu ya sayo ƙaton babur na doguwar tafiya, amma da ƙafar gefe kawai ya zo, babu ta tsakiya. Sai ya aiko aka kira ni.

"Ɗanliti, karkacewar nan ta ishe ni. So nake ya tsaya cak. Amma kada ka ƙara masa ƙarfe, kada ka jingina shi, kada hannu ya riƙe shi. In ka kasa, ka kwashe rumfarka daga bakin kasuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hau tukuna. Kafa ƙafafunka biyu a ƙasa, ka saki kan."

Ya hau. Babur ya tsaya cak.

"An gama, ranka ya daɗe."

"To, in na sauka fa?"

"Ni dai nawa aikin ya tsaya. In ya karkace, mai sauka ne ya ɓata shi."

Jama'a suka taru suna yaba tsayuwar. Dagaci ya daure a rana, gumi na zuba, har ladan ya kira azahar. Sannan ya yafito ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗanliti, yi sauri ka ɗauko ƙarfen nan."